Ranar Girki: Ta Ina Zuciya Ke Shiga Tukunya?

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni, nan Damagaram, ta aiko da tambaya: "Shekarata shida da aure. Kwanan nan maigidana yana cewa girkina ya canza, alhali cefanen bai canza ba, hannun ma shi ne. Gwaggona ta ce ɓacin rai ne ke bin hannu ya shiga tukunya. Ƙawayena kuma sun ce in nemi haɗin da ake zubawa a miya don jawo hankalin miji. Wa ke da gaskiya? Akwai abin da ya haɗa girki da zuciya da sha'awa, ko zance ne kawai?"

Ƴar uwa, gwaggonki ta fi ƙawayenki kusa da gaskiya, sai dai hanyar da ɓacin ran ke bi ba ɓoyayya ba ce, ana iya nuna ta da yatsa. Tun kafin likitoci su ce komai, bakin Bahaushe ya riga ya ɗaure waɗannan abubuwa a igiya ɗaya. A gidan da ke da mata biyu, in aka ce "yau wance ke da girki", babu babban da zai ɗauka maganar tukunya kaɗai ake yi. Matar da ranta ya ɓaci ta bar gidan miji, yaji aka ce ta yi, sunan abin da ke ƙona harshe. Wanda daɗin abinci ya kwance wa baki har ya soma sakin zance, santi yake yi. Alaƙar dai tana nan. Abin da ya rage shi ne a san inda take, don kada a je neman ta cikin ƙullin leda a kasuwa.

Fushi yana shiga girki ta wuta da farko. Mai fushi ba ta son jira, so take ta gama ta tashi. Sai ta tura itace, ko ta murɗa gaz har ƙarshe. Albasar da ke buƙatar minti 10 zuwa 12 a matsakaiciyar wuta kafin ta yi laushi ta yi ja ta saki zaƙinta, sai ta ƙone a gefe cikin minti 3 alhali cikinta ɗanye ne. Ɗacin wannan ƙunar ba ya fita, ko an zuba dunƙulen ɗanɗano biyar. Haka nama. Ƙamshin soyayyen nama yana fitowa ne idan zafin fuskar naman ya kai wajen digiri 140, inda sinadaran naman da ɗan sukarin da ke jikinsa suke haɗuwa su yi ja. Wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya. Saboda haka in kika juye rabin kilo na jiƙaƙƙen nama gaba ɗaya cikin mai, naman zai tsatso ruwa, ya dahu cikin ruwansa, ya fito fari-fari ba ƙamshi. Gyaran ba wuya: ki tsane naman a kwando, ki bar mai ya yi zafi, ki soya shi kashi biyu, kada ki juya sai gefen da ke ƙasa ya yi ja ya saki tukunya da kansa. Wannan minti 15 ɗin da mai gaggawa ke tsallakewa, su ne rabin abin da ake kira "hannu".

Sai tumatir da tattasai. Ko ɗanye ne, ko kauɗa aka daka da jan tattasan Diffa, dole a bar shi ya soyu har mai ya taso sama, tsamin ya mutu. In aka tsaida ruwa kafin nan, miya za ta zo da gafi. Da yawa kan rufe wannan da kanwa. Kanwa kamar ƙwayar wake ta isa tukunyar mutum biyar. In ta wuce haka miya ta yi duhu, ta yi ɗanɗanon sabulu, kuma tana lalata wani ɓangare na bitamin ɗin da ke ciki.

Tuwo ma yana tona asirin mai tuƙa shi. Gudaji ba daga gero ba ne, daga talgen da bai nuna ba ne aka zuba masa gari, ko aka zuba garin da yawa lokaci guda. Tuwon da ba a bari ya sulala minti 10 a rufe kan ƴar wuta ba, yana zuwa da warin ɗanyen gari, kuma da safe ya saki ruwa.

Ƙofa ta biyu harshenki ne, kuma ita ce mata ba su cika lura da ita ba. Idan rai ya ɓaci ko tsoro ya kama mutum, baki yana bushewa, miyau ya ragu ya yi kauri. Ɗanɗano kuwa sai abu ya narke cikin miyau kafin harshe ya ji shi. Ga kuma hankali yana wani wuri. Sai ki ɗanɗana ki ji salam, ki ƙara gishiri, ki sake ɗanɗanawa, harshe ya saba, ki sake ƙarawa. Wanda ya shigo daga waje da sabon baki shi zai ji zartsi. Haka yake faruwa ga mai mura lokacin hunturu, da mai ciki wadda hancinta da bakinta suka juya, da mai azumi. Maganin wannan awo ne. Litar miya ɗaya, ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafe na gishiri ya isa a fara da shi. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, don haka in kin jefa biyu, ki rage gishirin da rabi. Ki ɗebo a ludayi, ki bari ya ɗan huce kafin ki kai baki, ki kuskure baki da ruwa tsakanin ɗanɗanawa, kuma kada ki wuce sau uku. An ce ido ba mudu ba ya san kima, gaskiya ne, amma a ranar da aka ɓata miki rai, ki bar ido ki ɗauki cokali. In gishirin ya riga ya zarce, babu dabarar da ta wuce ƙara ruwa da kayan miya marasa gishiri. Ɗan matsin lemun tsami yana rage jinsa a baki, amma bai cire shi ba.

Akwai kuma abin da ba laifin zuciya ba ne. Kin ce cefane bai canza ba, amma kaya suna canzawa. Citta da masoro da aka daka suka yi wata uku cikin leda a zafin Afrilu da Mayu, inda rana ke haura digiri 40 a Damagaram, ƙamshinsu ya tashi, saura gari. Man gyaɗan da ya daɗe a rana yana yin ɗoyi. Kuka da ta sha iska ta koɗe. Ɗanyen itace, ko ledar da ake kunna gawayi da ita, hayaƙinsu yana zama cikin miya, na ledar ma guba ne ga huhu. Ruwan da ƴan ga-ruwa suka kawo ma ba kullum daga wuri ɗaya yake ba, kuma ruwa mai zartsi yana sa wake jinkirin nuna, yana sauya ɗanɗanon shayi da fura. Kafin ki tuhumi kanki, ki shinshina gwangwanayenki ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu mu koma wajen mai ci, don a nan maganar sha'awa take.

Harshe abu biyar kaɗai ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wannan ɗanɗano mai nauyi da ake ji a romo da daddawa da kauɗa da kilishi. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba da shi a 1908, ya sa wa ɗanɗanon suna umami. Wannan sinadarin ne ake haɗawa cikin dunƙulen ɗanɗano na kanti, kuma shi ne kakanninmu ke samu daga daddawar kalwa da ta batso tun ba a san kanti ba. Yawancin sauran abin da muke kira daɗi, wanda ke raba miyar wance da ta wance, aikin hanci ne. Yayin tauna, tururin abinci yana hawa ta bayan maƙogwaro ya isa hanci daga ciki. Ki gwada: ki toshe hanci ki tauna ganyen na'ana'a, ɗan sanyi da ɗaci kawai za ki ji, ki saki hancin, sai ƙamshin ya buɗe. Hancin ɗan Adam yana da masu karɓar ƙamshi kusan iri 400. Linda Buck da Richard Axel, ƴan Amurka, su suka gano yadda suke a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004.

Abin da ya shafe ki a ciki shi ne hanyar da saƙon ke bi. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, sai sun yada zango a wata tasha cikin ƙwaƙwalwa kafin a wuce da su. Ƙamshi ba ya yada zango. Kai tsaye yake isa sassan da ke riƙe da tsoro da so da tunawa. Shi ya sa dattijo mai furfura zai ji ƙamshin man shanu a kan tuwon gero, kafin ya yi tunanin komai zuciyarsa ta koma tsakar gidan uwarsa. Daga nan abu biyu suke fita, kuma duka biyun na hannunki.

Na farko, in kina son girki ya taɓa zuciyar maigida, ki nemi ƙamshin da ya tashi da shi kafin ki nemi sabon salo daga waya. Ki tambayi uwar mijinki ko yayarsa, tambaya ta ƙwaƙƙwafi: daddawar kalwa suke sawa ko ta batso? Man shanu a cikin miya yake dahuwa ko a kan tuwo ake zubawa? Kukar da wake ake kaɗa ta ko da busasshen kifi? Furar akwai kanumfari ko citta da barkono kaɗai? Mutumin da ya tashi a Tanut da wanda ya tashi a Magarya ba hanci ɗaya gare su ba, wanda kuma ke da jinin Barebari ko Buzaye a gidansu akwai abin da yake nema a kwano wanda shi kansa ba zai iya faɗa miki sunansa ba. Wannan tambayar, ban da girki, tana gyara tsakaninki da dangin miji, don babu tsohuwar da ba ta son a ce ta koyar.

Na biyu ya fi muhimmanci. Yadda ƙamshi ke ɗaure da daɗin rai, haka yake ɗaure da ɓacin rai. In ya zama kullum a kan tire ake ta da maganar kuɗin makaranta, da bashin mai shago, da abin da kishiya ko facala ta ce, a hankali ƙamshin miyarki zai zama sallamar rigima a wurinsa. Jikin da ke shirin faɗa kuwa yana janye jini daga ciki, miyau ya ƙafe, narkewar abinci ta yi jinkiri. Jijiyoyin da ke aiki lokacin natsuwa, masu sa miyau ya zubo ciki ya karɓi abinci, su ne dai ke buɗe hanyar jini zuwa al'aura ga namiji da mace. Wannan ita ce alaƙar girki da shimfiɗa ta gaskiya a jiki: ƙofarsu ɗaya, kuma natsuwa ce mabuɗinta. Ba ana nufin ki haɗiye damuwarki ba. Ki faɗe ta, amma ki ba ta nata lokaci, da hantsi ko bayan an sha ruwa an huta, ba tsakanin loma da loma ba.

Wannan magana ta hau kan maigida fiye da ke, in da zai karanta. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Namijin da ya tsaya a fada ya cika ciki da tsire da shayi har ƙarfe goma, ya shigo ya taɓa tuwon da aka yini ana yi ya ture, ba girki ne ya canza ba. Yunwa ce miyar farko, shi kuma ya zo ba ita. Matar da ta tashi tun asuba tana jiran ruwa, ta yi daka, ta yi wanki, ta sha hayaƙi sau uku, ba a ce mata sannu ba, jikinta barci yake nema da dare, kuma babu tsimin da zai canza wannan. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Barkono yana da nasa bayani, don a kansa ake yawan ruɗewa. Yaji ba ɗanɗano ba ne, zafi ne. Sinadarin da ke cikin barkono yana taɓa jijiyar da ke gaya wa jiki cewa abu ya haura wajen digiri 43, wato ya fara ƙuna. Wani masani ɗan Amurka, David Julius, ya gano wannan a 1997, ya sami Nobel a 2021. Jiki yana ɗauka ana ƙona shi, sai gumi, sai bugun zuciya, sai fuska ta yi ɗumi. Wannan ya yi kama da abin da sha'awa ke yi, shi ya sa ko'ina a duniya ake danganta su, amma kama ce kawai. Kaɗan yana buɗe baki. Da yawa yana rufe sauran ƙamshin, ya kawo ƙwannafi da an kwanta. Ruwa ba ya kashe shi, nono ke kashe shi. Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa amare ba: yajin attarugu yana maƙalewa a yatsu da ƙarƙashin farce na sa'o'i, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. Ki murza ɗan mai a hannu, sannan ki wanke da sabulu sau biyu. Ido da jikin jariri da jikin miji duk sun fi harshe laushi.

In kina son yajin gida mai ƙamshi ba mai azaba ba, ga awo: busasshiyar citta babban cokali 4, masoro 1, kanumfari rabin cokali, kimba guda 3 a cire ƴaƴan don su ke da ɗaci, barkono cokali 1, gishiri kaɗan. A ɗan gasa masoro da kimba a busasshen kasko minti 2, da ƙamshi ya tashi a sauke. A daka abin da zai ƙare cikin sati uku, a zuba a kwalba mai murfi, nesa da murhu. Kanumfari a yi hattara da shi: man da ke cikinsa yana kashe jin harshe, shi ya sa ake sa shi a haƙori mai ciwo, kuma in ya yi yawa ya mamaye komai.

Sai haɗin da ƙawayenki ke magana. A raba shi gida biyu. Akwai wanda abinci ne zalla: aya, dabino, kwakwa, riɗi, zuma, nono, gumba, da tukuɗin gero da dabino da cuku da aka san ƙasar nan da shi. Waɗannan suna ba da ƙarfi da ruwan jiki, kuma mace mai cin su ta fi wadda ke yini da ƙanzo kuzari. Babu wani abinci da aka tabbatar yana kunna sha'awa kamar yadda ake kunna fitila, amma ƙoshi da lafiya da jin cewa an gyara kai suna aiki, kuma ba ƙaramin aiki ba. A kula da zaƙin dai ga mai ciwon suga. In kunun aya za ki yi: aya kofi 2, a tsince tsakuwa, a jiƙa sa'a 8 zuwa 12, dabino 10 a cire ƙwallo, ɗanyar citta kamar kan yatsa, kanumfari 2, ruwa lita ɗaya da rabi, a markaɗa a tace. Lalacewa yake da sauri. In babu firigo ko ƙanƙara, a zafin nan sa'o'i kaɗan ne ya yi tsami ya yi yauƙi, don haka a yi shi dab da sha.

Gida na biyu shi ne garin da ba a san abin da ke ciki ba, da ruwan jarka, da zuma ko kofi "na maza" mai ƙyalƙyalin kwali. Hukumomin magani a ƙasashe da dama sun sha gwada irin waɗannan su tarar an ɓoye sildenafil a ciki, wato sinadarin ƙwayar Viagra, ba tare da an rubuta ba. Ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, haɗuwarsu tana iya faɗar da jini ƙasa warwas har a rasa rai. Ke ba ki san awon da ke ciki ba, mai sayarwar ma ba ta sani ba. Zuba wa mutum abu a abinci ba da saninsa ba kuwa cin amana ne ko da niyyar ta so ce, kuma ranar da ya gane, ya daina sakin jiki da kwanonki, kin rasa ainihin abin da kike nema. Na matsi da ake cusawa a gaba, da kanwa ko alif ko wani gari, suna busar da wurin su yi masa ƙananan raunuka, su buɗe hanyar sanyi. A bar su.

Abin da ya fi duk wannan aiki shi ne tsarin daren girkin kansa, kuma yawancin mata suna yin sa a juye. Don a burge, sai a yi tuwo malmala uku da miya mai iyo da mai, a kawo ƙarfe tara da rabi. Ciki mai nauyi barci yake kira, maiƙo kuma yana daɗewa bai bar tumbi ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, kuma babu daren da ya fi wannan buƙatar kason numfashin. Mai nauyin a ci shi da rana. Na dare ya zama mai sauƙi, a ci tsakanin magariba da isha'i ko dab da bayanta, a sami sa'a biyu kafin kwanciya.

Farfesun zabo ko kazar gida ya dace da wannan. Kaza mai kilo ɗaya, a wanke da lemun tsami don ƙarni. A zuba a tukunya da albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 3, dakakkiyar citta rabin ƙaramin cokali, masoro 10, kanumfari 3, kimba 1, daddawa ƴar kaɗan, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. A rufe a kan ƙaramar wuta minti 10 ba ruwa, ta tsatso nata ta sha kayan. Sannan a zuba ruwan zafi lita ɗaya da rabi, da jajjagen tattasai 2 da attarugu 1. Da ya tafasa a rage wuta, ya riƙa ɓararraka a hankali sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gwargwadon tsufan kazar. A wannan jinkirin ne jijiya da fata ke narkewa su ba romo wannan danƙon da ke kama leɓe. Tafasa mai ƙarfi tana ƙafar da ruwa kafin naman ya yi laushi, ta bar shi kamar igiya. In an sauke, sai a sa ganyen ɗoɗɗoya da cokali ɗaya na soyayyen man shanu, a rufe minti 5. Kayan ƙamshi masu laushi a ƙarshe ake sa su, don wuta tana korar su. Abin da maƙwabta suka ji a waje, ya bar tukunya ke nan. Man shanun kuma a soya shi a wuta kaɗan da yankan albasa har kumfa ta kwanta albasar ta yi ruwan zuma; in ta yi baƙi, man ya yi ɗaci. A ci da ƴar shinkafa ko masa biyu ko burodi.

Ɗanyar albasa da ɗanyar tafarnuwa a bar wa rana. Warin tafarnuwa yana shiga jini ya fito ta huhu da gumi, har ya kwana, asuwaki ba ya kai wa can. Shayi mai kauri ma a tsaida shi da la'asar, don bayan sa'a biyar kusan rabin abin da ke hana barci a cikinsa yana nan a jiki.

Ki gama aikin wuta kafin magariba, ki yi wanka, ki canza zane da ɗankwali, don gashi da tufafi sun fi fata riƙe hayaƙi, kuma hancinki ya saba ba za ki ji ba. Turaren wuta da humra, waɗanda matan Damagaram suka gada tun zamanin cuɗanya da Borno, kada su haɗu da abinci a lokaci ɗaya. Hanci ba ya bauta wa iyayengiji biyu: sandal da hawi a kan farfesu, duka biyun sun lalace. A turara ɗaki rabin sa'a kafin a kawo tire a bar shi ya lafa, ko a jira a kwashe kwanuka, a buɗe taga, sannan a sa garwashi. In gidan ya ba da hali, ki zauna ki ci tare da shi ko da loma uku ce, a kwano ɗaya, waya a ajiye. Abincin da aka dire aka juya baya, ko na sarki ne, a kaɗaice ake cin sa.

Game da maganarsa cewa girki ya canza, kada ki karɓe ta dunƙule. Ki tambaye shi cikin raha, a lokacin da ba a kan abinci ake ba: gishiri ne, ko yaji, ko ƙamshi ne ba ya ji? Ki yi sati ɗaya kina awo da cokali, da sabon dakan yaji. In yara da baƙi suna santi shi kaɗai ke cewa salam, to a duba shi. Taba tana dusashe hanci da harshe. Toshewar hanci ta ƙurar hunturu, ciwon haƙori da dasashi, da magunguna irin su Flagyl mai barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, duk suna sa abinci ya fita a rai. Cutar korona ma tun 2020 ta bar wasu ba sa jin ƙamshi na watanni. In kuwa cin abincin da sha'awar da barcin suka ragu tare, sama da wata guda, wannan alamar damuwa ce mai nauyi ko wata cuta, ba ta tukunya ba. Ciwon suga da hawan jini suna lalata ƙananan hanyoyin jini, kuma raunin gaba kan zama alamarsu ta farko ga namiji. Tramol ma yana kashe sha'awa. Ke kuma, in kina shayarwa, bushewar gaba da raguwar sha'awa abu ne da aka sani, daga sauyin sinadaran jiki yake, yana wucewa. In akwai kasala da jiri da farin ido, a auna jininki. Awon suga da na hawan jini da na ƙarancin jini duk ana yin su a gidan likita na unguwa cikin safiya ɗaya, ku je tare in zai yarda, kuma na suga a je ba a karya ba.